Sai An Karɓe Ka

Masu wucewa ta gaban Maigadi da safe suna ganin aikinsa ba shi da wuya. Kujera ce, da ɗan ɗaki a bakin ƙofa, da zoben makullai wanda nauyinsa ya ja aljihun rigar aikinsa har ya karkace. Benen da yake gadi yana kan titin da ke gangarawa tashar jiragen ruwa, kuma ofisoshi ne daga ƙasa har sama: dillalan kaya, masu inshora, wani likitan haƙori, da wata cibiyar bincike a hawa na ƙarshe. Ya san motar kowa tun daga ƙararta. Ya san mai amsa gaisuwa, ya san wanda sai dai ya ɗaga yatsa.

Ƙa'ida ɗaya ya riƙe tun yana sabon shiga, wato mai gadi ba ya barin ƙofa sai an karɓe shi. Ba a ajiye makulli a kan teburi, ba a ba mai shara ajiya, ba a cewa ai yana hanya. Hannu da hannu ake miƙawa, bayan an zaga tare an taɓa kowane kwaɗo. Mutumin da ke karɓarsa da yamma kowa Latti yake kiransa, har shi ma ya daina musu. Latti bai taɓa rasa dalili ba. Yau mota ce, gobe ciwon ciki, jibi surukarsa ce ta sauka ba sanarwa. Maigadi yakan zauna ya jira, ko inuwa ta kai ina. Matarsa, Maman Dogo, ta daina ɗumama abinci sai ta ji tarinsa a ƙofar gida. Takan ce ranar da ya mutu ma sai ya ce wa masu ɗaukarsa su ɗan dakata Latti ya iso.

Ɗansu na fari, Dogo, ya taso yana jin wannan ƙa'ida kamar yadda wasu yara ke jin tatsuniya. Da ya girma sai ya shiga aikin jirgin ruwa mai dakon kaya, yana fama da igiya da fenti da anga, wato ƙarfen da ake sakewa a ruwa ya tsayar da jirgi. Maigadi bai so ba. Shi mutum ne mai yawan zullumi. In aka yi iska a gari sai ya kasa cin abinci, ko da Dogo yana can wani gefen duniya inda rana ke fitowa lokacin da tasu ke faɗuwa. Dogo kan kwantar masa da hankali ta waya, ya ba shi labarin jirgin. An ƙera shi a wata ƙasa, masu shi suna wata, kyaftin ɗan wata ƙasar ne, kuku ma haka, har a teburin cin abinci harsuna sun fi cokula yawa. Maigadi ya saurara ya gama, sannan ya tambaya ko yana sa rigar sanyi.

A shekarar da matar Dogo, wadda har yanzu Amarya ake kiranta, ta samu juna biyu, sai aka ce jirgin zai kawo kaya tashar garinsu. Jirgin bai taɓa zuwa nan ba. Maman Dogo ta wanke labule, ta sa aka gyara ƙafar gado. Maigadi bai bar mai mota ko ɗaya ya wuce ƙofa bai ji labari ba.

Jirgin ya zo, ya sauke kaya. Kafin Dogo ya samu hutun leƙowa gida, masu duba lafiyar jiragen ruwa suka hau suka duba, suka ce ba zai tashi ba sai an gyara shi. Aka ja shi daga bakin tasha zuwa can cikin ruwa, inda jirage ke sakin anga su jira. Masu jirgin suka ce suna turo makanikai. Daga nan suka ce mako mai zuwa. Daga nan wayarsu ta daina shiga. Hukumar tasha ta kai magana kotu, kotu ta ce jirgin yana hannunta har sai mai shi ya bayyana.

Ma'aikatan suka riƙa zarewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ofishin jakadancin ƙasarsa ya nema masa hanya. Kotu kuwa ta ce ba za a bar jirgi a ruwa ba kowa ba, dole a samu wanda zai riƙe shi da sunanta. Kyaftin, wanda jakarsa ke ɗaure, ya nuna Dogo. Ya ce ga ɗan gari, ga gidansu can ana hange, wa ya fi shi dacewa.

Da tsakar rana Dogo ya kira ubansa. Ya ce masinjan kotu yana tsaye, ana so a danƙa masa makullan jirgin gaba ɗaya, an ce na ɗan lokaci ne. Ya tambaya me Baba ya gani.

Maigadi ya miƙe daga kujerarsa bai sani ba. Cikin mutane masu yawa, daga ƙasashe masu yawa, ɗansa aka zaɓa a ba makulli.

“Ka karɓa,” ya ce. “Amana ce. Ba kowa ake ba makulli ba. Amma ka san ƙa'ida.”

“Na sani, Baba. Sai an karɓe ni.”

Ranar har Latti sai da aka saya wa shayi.

Makonni suka wuce ba wanda ya zo. Man janareta ya ƙare, firiji ya mutu, Dogo ya koma cajin waya da wani ɗan faifan hasken rana da kuku ya bari. Wani mai kwale-kwale da ke kai wa jirage ruwan sha shi ke kai masa saƙo daga gida. Maigadi ya gano cewa daga rufin benen da yake gadi ana hango jirgin, baƙi, ƙarami kamar takalmi a kan ruwa. In ya hau duba tankin ruwa sai ya daɗe. Tankin bai taɓa samun kulawa irin ta wannan lokacin ba.

A ranakun hutunsa ya fara bin ofisoshi. A tasha suka ce magana tana kotu. A kotu magatakarda ya ce su riƙewa kawai suka yi, amma jirgi, kamar mutum, yana da ƙasarsa, kuma ƙasarsa ita ce wadda tutarta ke kansa, ita ya kamata ta kula da na ciki. Maigadi ya tambaya ina zai samu wannan ƙasa. Aka rubuta masa adireshi. Ya karanta, ya sake karantawa. Benensa ne, hawa na uku, ƙofar da ke kusa da banɗaki.

Ya san ofishin. Ɗaki ɗaya ne, da teburi, da ƙaramar tuta a tsaye a cikin kofin biro, da wata sakatariya mai kirki da ke ba shi alewa. Shekara da shekaru yana taɓa kwaɗon ƙofar da yamma bai san ƙasa yake kullewa ba. Sakatariyar ta ba shi kujera, ta saurara da gaske. Ta ce su rajista kawai suke yi wa jirage, ita kanta ba ta taɓa zuwa ƙasar ba, kuma ta ji an ce ko teku babu a can. Mai jirgin kuwa a wurinsu kamfani ne, kamfanin kuma wani kamfanin ke da shi, shi ma wancan haka. Ta yi alkawarin aika saƙo. Ta ba shi alewa biyu.

A gida Maman Dogo ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗa ciwo. Takan ajiye masa abinci ta ce, “Ga shi, baban mai riƙon amana.” Amarya kuwa tana gaishe shi a durƙushe kamar kullum, sai dai yanzu tana daɗewa kafin ta iya miƙewa, kuma kullum wayarta na hannunta.

A cibiyar binciken da ke hawa na ƙarshe akwai wani Dokta, gajere, mai tsohuwar mota wadda sai an tura. Shi ba likita ba ne. Aikinsa nazarin yadda ake tafiyar da duniya tun da ta dunƙule, kuma yana tashi zuwa taro ƙasa-ƙasa. Yana kiran Maigadi Ministan Ƙofa. Wata rana da yamma, bayan sun tura motar ta ƙi tashi, suka jingina da ita suna haki, sai Maigadi ya ba shi labari tun daga farko.

Dokta ya daina murmushi. Ya yi tambayoyi, ya girgiza kai.

“Ni dai abin da nake so in sani, Dokta, wane ne babba? A benen nan in magana ta gagari na ƙasa sai a hau sama wurin manaja. To a duniya wane hawa zan je?”

“Babu hawan ƙarshe, Minista. Ofisoshi ne a jere, kowa da makullinsa. Irin wannan babban makullin naka mai buɗe kowace ƙofa, a duniya ba wanda ke riƙe da shi.”

“To wa ke juya ta?”

Dokta ya ce a kan wannan tambayar yake cin abinci, kuma masana ba su daidaita ba. Wasu sun ce manyan ƙasashe ne ke juya komai, yarjejeniya kuwa tana aiki ne ranar da suka ga dama. Wasu sun ce a'a, ƙasashe sun zauna sun shimfiɗa ƙa'idoji da hukumomi, kuma yawancin ranaku ana bin su ba tare da ɗan sanda ba, shi ya sa jirgi zai shiga tashar da bai taɓa gani ba a fahimci fitilarsa, shi ya sa ma aka hana jirgin Dogo tashi da lalataccen inji, wanda wataƙila da tuni ya nutse da su. Maigadi bai taɓa duban abin ta nan ba. Dokta ya ci gaba, ya ce akwai kuma masu cewa ƙasashe sun zama 'yan rakiya, kamfanoni ne a gaba, su zaɓi tutar da ta fi sauƙin ƙa'ida kamar yadda ake zaɓen riga a kasuwa. Shi kansa, in ji shi, wata rana ya kwana da wannan ra'ayi, ya tashi da wancan.

“A cikinsu wanne ne zai sauko min da yaro?”

Dokta ya duba ƙasa. “Su bayani suke yi, Baba. Ba sa sauko da kowa. Amma na san wata mata.”

Matar Lauya ce ta ƙungiyar ma'aikatan jiragen ruwa, ƙungiyar da ke da reshe a kusan kowace tasha. Tana magana da sauri, waya biyu a gabanta. Ta tabbatar masa akwai yarjejeniya da ƙasashe suka sa wa hannu, cewa ma'aikacin da aka yasar a jirgi dole masu inshora su mayar da shi ƙasarsa, kuma da ita ofisoshin jakadanci suka kwashe sauran. Maigadi ya gyara zama. Sai ta ce ta riga ta nemi masu inshorar, suna wata nahiya, sun amsa cikin ladabi cewa bisa taswira Dogo yana cikin ruwan ƙasarsa, saboda haka ba inda za su mayar da shi. Ƙasar tuta ta ce jirgin yana hannun kotun nan. Kotun nan ta ce wanda ke kan jirgi yana ƙarƙashin ƙasar tuta.

“Wato a wurin waɗancan yana gida, a wurin waɗannan yana waje,” in ji Maigadi.

“Haka ne, Baba.”

“To shi a wurinsa yana ina?”

Wayarta ɗaya ta yi ƙara, ta kife ta. Ta ce ba ta saki maganar ba, ya ba ta lokaci.

A ranar hutunsa ta gaba ya bi mai kwale-kwale. Bai taɓa hawa ruwa ba. Ya riƙe katako da hannu biyu, ya ƙi duban gefe. Mai kwale-kwalen ya faɗa masa tun a hanya cewa ba a hawa, domin taka tsanin jirgin kamar shiga wata ƙasa ne, sai da izini. A bokiti ake tura saƙo, a ja da igiya.

Jirgin da ya gani kamar takalmi daga rufin bene, da suka matso sai ya zama katanga ta baƙin ƙarfe, tsatsa na zuba a jikinta. Can sama kai ya leƙo. Gemu ya cika fuskar, wuya ya yi tsawo. Dogo ya gaishe shi da ƙarfi, ya tambayi Mama, ya tambayi mutanen gida, bai ambaci Amarya ba saboda kunya, sai Maigadi ya ce kowa da kowa lafiya, ya nanata kowa da kowa. Bokiti ya hau da shinkafa da sabulu da batir. Mai kwale-kwalen ya rage murya ya ce kwanan nan in ya zo yakan tarar da Dogo yana hira shi kaɗai, yana kiran sunan kuku, kuma ƙafafunsa sun kumbura, ba ya sa takalmi.

Maigadi ya ɗaga kai har hularsa ta kusa faɗawa ruwa.

“Ka sauko. Ga kwale-kwale. Abin da zai faru ya faru.”

Dogo ya yi dariya, dariyar ta daɗe fiye da yadda ya kamata. “Baba, wa ya karɓe ni?”

“Ni ubanka na ce ka sauko.”

“Kai ka ce in karɓa.”

Ba da zafi ya faɗa ba. Ya bayyana cewa in ya bar jirgin, anga ta kwance, ya bugi wani, shi kotu za ta kama, kuma ba jirgin da zai sake ɗaukarsa aiki har abada. Maigadi ya ji duk wannan, amma idonsa na kan abin da ke reto a wuyan yaron. Makullai ne a zobe, an ɗaure da igiya. Ya san ko babu kotu yaron ba zai sauko ba, kuma ya san inda ya koyo.

A hanyar dawowa ya manta bai riƙe katako ba.

Bayan 'yan kwanaki Lauya ta kira shi. Ta ce ta koma gaban alƙali, kuma alƙalin ba mugu ba ne, ya ce shi ba Dogo yake riƙe ba, jirgi yake riƙe. Mai riƙon ba sai ma'aikacin jirgi ba. Hukumar tasha ta yarda jirginta zai riƙa zagayowa yana duba anga. Abin da kotu ke so mutum ne baligi, ɗan ƙasa, wanda ya san aikin tsaro, ya zauna a kai da sunanta. In an samu, Dogo ya sauka ranar. Sai dai ta bi kamfanonin tsaro duka, kowa ya tambaya wa ya ɗauke shi aikin, kuma yaushe aikin zai ƙare. Ba ta da amsar ko ɗaya. Ba mai hankalin da zai karɓa, in ji ta.

Maigadi ya ce zai zo ofishinta gobe.

A gida ya jira Amarya ta shiga ɗaki kafin ya faɗa. Maman Dogo ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta.

“Wato a ciro min ɗaya a jefa min ɗaya.”

Ya ce ta duba da kyau. Dogo sana'arsa motsi ce, zama ne ke cinye shi. Shi kuwa zama sana'arsa ce, ya fi kowa iya kallon ƙofar da ba mai shigowa. Dogo yana da mata da tsohon ciki, yana da sauran aiki a gaba, shi kuwa ko bai tafi ba an fara yi masa maganar hutawa. Ta ce bai iya iyo ba. Ya ce ba iyo aka ce ya je yi ba. Ta ce yana da hawan jini, in aka yi iska a tudu ma ba ya iya cin abinci, balle a ruwa. Ya ce iskar da ke hana shi cin abinci ita ce wadda ke kaɗa Dogo, in shi take kaɗawa ba komai.

Ba ta ce ta yarda ba. Ta dai ɗauko jaka ta fara sa bargo, da magani, da ƙaramar rediyo, tana yi tana cewa duk gidan nan ba mai hankali sai ita, ita ma don ta zauna da su ya fara raguwa.

Alƙali ya tambaye shi tun yaushe yake gadi. Ya ce tun rabin titin tasha yana fili. Ya tambaya ko ya fahimci ba a san ranar da mai jirgin zai bayyana ba, ko ranar da za a yanke abin da za a yi da jirgin. Ya ce ya fahimta. Ya roƙi Lauya abu ɗaya, a faɗa wa Dogo an samu mai karɓarsa, amma kada a faɗi ko wane ne.

Ranar tafiya ita ce ranar aikinsa ta ƙarshe a benen. Kwale-kwale zai tashi da la'asar tare da masinjan kotu, kuma Latti ya rantse zai zo da azahar. Azahar ta yi, ta wuce. Jakar Maigadi na gefen kujera. Sakatariyar hawa na uku ta sauko ta ba shi alewa cike da leda, ta ce har yanzu ba a amsa saƙonta ba, amma ta sake aikawa. Dokta ya sauko da makullin mota a hannu, ya duba agogo, ya duba titi.

“Minista, kawo makullan in riƙe masa. Kwale-kwale ba zai jira ba.”

“Dokta, kai ba mai gadi ba ne.”

“Yau ɗaya dai.”

“Yau ɗin ce ma ba zan yi ba. In na bar ƙofa a hannun wanda ba nasa ba, da wane baki zan ce wa yaron ya ba ni tasa?”

Dokta ya zauna a kan dakalin ɗakin gadi, ya ce ya halarci taro da yawa a kan bin ƙa'ida ba tare da mai tilastawa ba, amma ba a taɓa sa shi ya makara saboda ita ba sai yau.

Inuwa ta fara tsawo sannan Latti ya bayyana a guje, gumi sharkaf, da wani abu mai launin ruwan lemo a hammata. Rigar da ke hana mutum nutsewa ce. Ya ce ya zaga kasuwar bakin tasha kaf kafin ya samu wadda za ta yi wa Maigadi daidai, don ba a ɗinka su da masu tumbi a rai ba. Maigadi ya karɓa, ya juya ta. Ya ce wannan ne dalili na farko da Latti ya taɓa kawowa da shaida a hannu. Suka zaga tare da sauri, suka taɓa kowane kwaɗo, har da na ƙasar da ke kusa da banɗaki. Ya miƙa zoben hannu da hannu. Motar Dokta, abin mamaki, ta tashi a bugu ɗaya.

Hawan tsanin igiya ya fi duk abin da ya zata wuya. Masinjan kotu na gaba, mai kwale-kwale na ƙasa yana cewa kada ya duba ruwa. Da ya kai sama sai ya ji hannu ya kama shi ya ja, hannun da ya sani, sai dai ya rame. Dogo ya tsaya yana kallonsa, ya kalli jakar, ya kalli rigar ruwan lemo, ya leƙa ƙasa ko akwai wani mai hawowa. Babu.

“A'a, Baba.”

“An zo karɓarka.”

“Ba zan ba ka ba. A kawo wani.”

“Mai gadi yana zaɓen wanda zai karɓe shi? Ni na zaɓi Latti?”

Dogo ya dafe makullan a ƙirjinsa. Ya ce babu wuta, ruwan wanka sai an yi tsimi, in hadari ya taso ƙarfen nan kuka yake yi kamar mai rai. Ya ce Mama fa. Maigadi ya ce Mama ce ta haɗa jakar. Ya ce akwai mai jiransa a gida wadda ba ta iya miƙewa sai ta dafa bango, kuma ba kakan jariri ake nema a irin wannan rana ba. Sannan ya ce rana na faɗuwa, masinja na da iyali, a zaga a nuna masa ƙofofi.

Suka zaga. Dogo na gaba ba takalmi, yana ɗingishi kaɗan, yana nuna ɗakin inji, da ma'ajin abinci, da inda ake tarar ruwan sama, da fitilar da dole a kunna kafin duhu don sauran jirage su gani. Maigadi na biye yana taɓa kowane kwaɗo, yana maimaita sunan wurin. A ɗakin matuƙi Dogo ya nuna masa na'urar kiran tasha, ya sa shi ya gwada har ya iya. Da suka dawo bakin tsani, Dogo ya daɗe a tsaye. Sannan ya cire igiyar daga wuyansa ya sa zoben a tafin ubansa, ya riƙe hannun da hannu biyu.

“Na karɓe ka,” in ji Maigadi. “Sauka a hankali. In ka isa ka sa a duba ƙafafun nan.”

Ya tsaya har kwale-kwalen ya zama ɗigo. Daga nan ana hango garin gaba ɗaya, har da benen, da tankin da ke kansa. A bayan jirgin tuta na reto a sanda, rana ta cinye launinta, gefenta ya yage. Ya dube ta na ɗan lokaci, ƙasar da yanzu aka ce yana cikinta. Sannan ya je ya kunna fitila tun da sauran haske, ya shiga ɗakin cin abinci ya jawo kujera ɗaya, ya ajiye ta a bakin tsani, tana fuskantar inda mutum zai ɓullo in ya hawo. Ya sa makullan a aljihu. Aljihun ya karkace kamar yadda ya saba.

Bayan duhu ya shiga waya ta yi ƙara. Maman Dogo ce. Ta ce Dogo ya iso, ya yi wanka, yana cin abinci kamar wanda aka biyo, Amarya na zaune kusa da shi ta manta da kunya. Ta tambaya ko ya sha magani. Sannan ta tambaya, shi kuma yaushe za a karɓe shi.

Ya ce Lauya ta ce ofisoshin suna ta aika wa juna saƙo, ƙasa da ƙasa, wata rana za a zo.

“Wata rana,” in ji ta.

Ya ce kada ta damu, ya saba da Latti.